Shekarar da Ba Mu Aika Goro Ba

Matso nan kusa, ja tabarmar nan ka zauna, in ba ka labarin shekarar da kalankuwar garinmu ta sami sabon suna da sabon mai ita, ni kuma saura ƙiris in rasa aminiyata a dalilin haka.

Ni dai ba mai yawo ba ce. Garinmu yana ƙasar Kiru, sai ka sauka a Ƙafin Maiyaki ka hau babur kafin ka iso mu. Tun da aka kawo ni gidan nan, in ka cire asibiti da gaisuwar rasuwa, ban cika taka ƙofar zaure ba. Ba kulle aka yi mini ba. Maigidana har tsiya yake yi mini, wai akuyar gidan nan ta fi ni sanin gari. Ni ce dai nake son tsakar gidana. Karatuna na allo ne, boko kuwa leƙawa kawai na yi. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina gindin murhu zan gaya maka babur ɗin wane ne ya wuce, da kaya ko ba kaya.

Kalankuwa, in ba ka taɓa gani ba, wasan kaka ne. In an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an sheƙe shinkafa, sai makaɗa su fito, masu gangar noma da masu kalangu da masu garaya, ga Fulani da sarewarsu. A yi 'yan kwanaki ana kiɗa da rawa, da yamma a yi kokawa, in an kira salla ganga ta yi shiru. Garuruwa da yawa suna yin tasu, amma tamu daban ce, kuma ba don a nan nake aure na faɗa ba. Daga Bebeji ake zuwa, daga Tudun Wada, har daga duwatsun Doguwa.

Kuma ba haka kawai mutum zai saɓi jakarsa ya taho ba. Kowane gida a garin nan yana da baƙinsa na gado. In wasa ya matso sai a sayi goro, a ƙulle a ganye, a aika wa kowane baƙo har gida. Wanda goro bai je masa ba ba ya zuwa, ko da yana jiyo gangar daga gonarsa. Ranar saukar baƙi kuma sarkin kiɗa yakan zauna gindin tsamiyar bakin gari da gangarsa. Kowane ayari yana da takensa, wato kiɗan da ganga take kiransu da shi tun iyaye da kakanni. Da ya hango su sai ya saki taken. Mu mata muna cikin gida muna ji, ba sai an aiko kowa ba. Sai ka ji wata ta ce, "Na Bebeji sun iso, a sauke tuwo." Ni har maƙwabta nake sanar wa nasu ta kan katanga.

Baƙin gidanmu Fulani ne na bayan Doguwa, masu shanu da gonar masara. Surukata ce take saukar surukar aminiyata, mu kuma muka gada. Muna amare muka fara haɗuwa, tana bayan tata surukar ina bayan tawa, kowa na sunkuyar da kai. Yanzu duk mun yi jikoki. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun daga zaure za ka ji ta: "Kaɗo! Kina nan kina gadin murhu?" Ni kuma in ce, "'Yar Fillo, an bar shanu da wa?" Takan zo da man shanu da kindirmo da zuma, ta koma da daddawa da kuka da barkono. Sau ɗaya muke haɗuwa a shekara, kuma duk abin da na sani na duwatsun nan a bakinta na ji. Yadda birai suke shiga masara su ajiye ɗaya a kan dutse yana yi musu gadi, yadda rafi yake cika da damina ya raba su da kasuwa. Ina tuƙa tuwo tana ba ni, ina dariya har miya ta kama.

Maganar gaskiya, wasan ya fara ja da baya tun kafin abin da zan faɗa. Samari sun tafi birni nema, waɗanda suka rage sun fi son waƙar waya. Ganguna sun tsufa, masu su ma haka. Wata shekarar da ƙyar aka haɗa 'yan kokawa. Don haka da wasu mutanen kamfani suka zo daga Kano, suka zauna da dagaci da dattawa, suka ce za su raya wasan su kawo 'yan yawon buɗe ido, ba wanda ya ƙi. Aka yi yarjejeniya ta wasu shekaru. Wasa ya koma hannunsu, suka yi masa rajista da wani dogon suna na Turanci. Na sha jin sa a rediyo, kunnena ya riƙe amma harshena ya ƙi, don haka ba zan gwada faɗarsa a nan ba. Abin da na sani, babu kalankuwa a cikinsa, sunan garinmu ma sai can ƙarshen sanarwa, in mai sanarwar bai yi sauri ba.

Suka share filin bakin titi, suka kewaye shi da langa-langa, suka kafa dandamali da rumfuna, ga lasifika manya-manya kamar rumbuna. Suka gyara kwalbatin da yake kayar mana da babura duk damina, wannan kam Allah ya saka musu. Shiga kuma sai da tikiti, amma an sassauta wa 'yan gari.

Da lokacin goro ya yi na ce wa maigida, "Malam, ba a sayo goro ba."

Ya ce, "Goron me? Wasan namu ne? Ke kin taɓa ganin an gayyaci baƙo bikin gidan wani?"

Maganarsa kuwa a kan hanya take. Ashe haka aka yi a kowane gida. Ba taro aka yi aka yanke ba, kowa dai kunya ce ta kama shi, kada a ce ya yi wa masu abu shisshigi. Muna zaune muna cewa ai masu wasa za su aika nasu goron. Su kuwa ba su ma san da zancen ba. Rediyo suka sa a gaba, da fosta, da waya.

Ranar ta zo. Na share ɗakin baƙi, na shimfiɗa sababbin tabarmi, ƙullin wainata ya tashi har yana neman zubowa. Na kasa kunne. Motoci kam sun zo, ban taɓa jin bas-bas a garin nan kamar ranar ba. Janareta ya tashi, lasifika ta ɗauka. Kiɗa ake yi mai kyau ma, don sarkin kiɗa da mutanensa suna kan dandamali, an ɗinka musu riguna iri ɗaya. Amma gindin tsamiya shiru. Hantsi ya yi, aka yi azahar, aka yi la'asar. Ban ji taken Bebeji ba, ban ji na Tudun Wada ba, balle na Doguwa. Baƙin birni suka yi kallo, suka ɗauki hoto, suka sha rake, kafin magariba sun hau motocinsu. Wasu aka ce a Tiga suka kwana. Masu shayi da 'yan acaɓa na bakin titi sun yi ciniki, cikin gari kuwa ko kaza ba a yanka wa baƙo ba. Wainata maƙwabta na yi ta miƙa wa ta katanga, su ma suna neman wanda za su ba tasu.

Da aka kwana biyu na sa aka kira mini wayar mijin aminiyata. Can wajensu sai an hau dutse ake samun sabis, sai da aka yi ta gwadawa. Da ta karɓa na ce, "'Yar Fillo, shiru haka?"

Ta ce, "Ina wuni, Hajiya. Ya gida, ya yara?"

Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba, yau ni ce Hajiya. Na ce, "Lafiya ba ku zo ba?"

"Lafiya lau, Hajiya. Mun ji a rediyo garinku ya ci gaba. Allah ya ƙara ɗaukaka."

Ka san fulako. Bafulatana ba za ta buɗe baki ta ce an ɓata mata ba. Amma muryar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ta ɗauka mun sami manyan baƙi masu motoci, mun yar da masu ƙwaryar nono. Na yi ta bayani tana "ba komai, ba komai", har katin ya ƙare. Shekarar nan duka abin yana raina. In ina tankaɗe ya faɗo mini, in ina ninke zannuwa ya faɗo mini. Zumuncin da tsofaffi biyu suka riƙe har suka koma ga Allah, a hannuna zai yanke?

Da kaka ta zagayo sai ga mutumin kamfanin da kansa a zaurenmu, wanda yake kula da shirin. Mutum mai fara'a, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ni. An ba shi labarin wainata, yana so in je in toya a rumfa cikin fili, baƙi su ga abincin gargajiya.

Na ce, "Ɗan nan, ni da ko layin kasuwar garin nan ban sani ba, ni ce zan zauna a fili ana ɗaukata hoto? A kai kasuwa. Amma tun da Allah ya kawo ka, me kalankuwa ta yi muku kuka cire mata suna?"

Ya yi dariya. "Mama, ba ta yi mana komai ba. Kowane gari yana da kalankuwa. In mutum yana Kano ko Abuja ya nema a waya, ta wane gari zai samu? Kuma in gaya miki gaskiya, wasu da sun ji kalankuwa shashanci suke kawowa a ransu, ba za su zo da iyalinsu ba. Sunan nan shi ya cika motocin da kika ji."

Na ce wannan gaskiya ne, motoci kam na ji su. "To yanzu me da me ne naku?"

"Sunan namu ne, da filin, da dandamali, da makaɗan da muka ɗauka, daga hantsi zuwa la'asar."

"Tsamiyar bakin gari fa?"

"Mama, me za mu yi da tsamiya?"

"Ɗakin baƙina fa?"

"Haba Mama! Ɗakinki ai naki ne."

"In na aika wa mutanena goro ba za ku kai ni kotu ba?"

Ya ce wane goro. Na warware masa tun daga farko, yana ji yana riƙe baki. Ya ce wallahi ba wanda ya gaya musu. Na ce mu ma ba wanda ya gaya mana ba ku sani ba. Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba. Ya ce shi roƙonsa ɗaya, kada a buga fosta da wani suna daban, masu ba su tallafi za su rikice. Na ce ya kwantar da hankalinsa, goro ba a rubutu a jikinsa.

Da maigida ya dawo daga masallaci na ajiye masa abinci, na bari sai da ya kai loma, na ce, "Malam, gobe za ka Doguwa."

"Ni? Da wace ƙafar?"

"Da babur ɗin da kake zuwa ɗaurin auren mutanen da ba ka sani ba."

Ya ce a ba direban mota goron mana, kamar yadda aka saba. Na ce bara ba mu aika ba, bana aike ba zai wanke mu ba, sai mai gida da ƙafarsa. Ya yi ta ƙunƙuni, wai hanyar daji, wai bayansa. Amma shi ma abin yana cin sa, don mijin aminiyata abokin hirarsa ne tun suna samari. Na zaɓi farin goro manya, na wanke, na ƙulle da hannuna. Ya tafi, ya dawo a gajiye, ko zama ban bari ya yi ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce an gode."

"Shi ke nan?"

"Ta dama mini fura."

"Da kauri ko tsararo?"

"Ke, ni sha na yi, ban auna ba!"

Ka ji mazan nan. A aike su da magana su dawo da ciki.

Labari ya bi katanga, wasu gidajen suka aika nasu goron, wasu suka ce su dai bari su ga yadda tawa za ta kaya. Saura tsamiya. Sarkin kiɗa taubashina ne, ɗan kawuna, don haka ba ma raga wa juna. Na aika ya zo zaure, na ce, "Sannu da zuwa, sarkin kiɗan haya."

Ya ce, "Ke dai baƙin ciki kike yi an ɗinka mini riga."

Na ce rigar ta yi kyau, amma wa zai tari baƙi? Ya ce shi kam ya riga ya yi alkawari, ba zai sauka daga dandamali ba, kuma ba ya so, don rabon da a tafa masa haka tun yana da haƙoransa duka. Sai dai akwai ƙanensa, wanda kamfani bai ɗauka ba saboda idonsa ya yi rauni. Duk taken da ya sani ƙanen ya sani. Na ce wanda ba ya gani sosai ta yaya zai san ayarin da ya taho? Ya ce, "Ai za su yi masa sallama. Ke kaɗai ce mai kunne a garin nan?"

Ranar saukar baƙi na kashe rediyo, na hana daka a gidan nan. Lasifika tana ta yi daga bakin titi, ni kuma ina laluben abin da yake ƙarƙashinta. Da hantsi na ji shi, can ƙasa-ƙasa, tsohuwar ganga mai sanyin murya. Taken Bebeji. Na leƙa katanga na ce wa maƙwabciyata, "Naki sun iso," ta saki guɗa tun ba ta tabbatar ba. Can sai na Tudun Wada. Gari ya fara ƙamshin miya. Aka yi azahar, nawa shiru. Maigida ya shigo ya ce in ci abinci mana, na ce na ƙoshi. Na juya miyar taushen nan har kabewar ta narke. Na fara shirya abin da zan ce wa maƙwabta in sun tambaya.

Ana gab da la'asar ganga ta canza. Bugun farko na gane shi, kafin ya kai na biyu sarewa ta amsa. Ban san lokacin da na fita ba. Sai ganina na yi a tsakiyar lungu, muciya a hannu, mayafi a karkace, mutane suna ba ni hanya suna kallona kamar sun ga baƙuwa. Ga ta nan tafe a gaban matan gidansu, ƙwarya a ka, ta rame kaɗan, tafiyar dai ita ce. Ta tsaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ba ta yi murmushi ba. Sannan ta ce:

"Kaɗo, wa ya mutu kika fito?"

Na ce, "'Yar Fillo, sai yanzu?"

"Babur ne ya yi faci bayan Tudun Wada. Karɓi ƙwaryar nan, wuyana zai karye."

Na karɓa. Muna tafe na ce, "Bara fa?"

Ta ce, "Bara wata Hajiya ce a gidan, ban san ta ba."

Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan har yau.

Abin da ban zata ba shi ne baƙin birni. Da aka tashi daga fili bayan la'asar, wasunsu suka jiyo gangar tsamiya, suka bi ta, daga nan suka bi ayari cikin lunguna. Makaɗa kuma da suka sauka daga dandamali suka tuɓe rigunan, suka shiga bin ƙofa-ƙofa suna yi wa baƙin kowane gida takensu kamar da. Wata mata daga Kano ta yi sallama gidanmu da 'ya'yanta mata biyu, wai don Allah su ɗan leƙa. Na ce leƙe kuma, a gidan da aka sauke tukunya? Suka zauna. Aminiyata ta kama 'yan matan tana koya musu damun fura, tana yi musu tsiya wai riƙon ludayinsu kamar masu riƙe da kunama. Motarsu ta tafi ta bar su da gangan, a ɗakin baƙina suka kwana. Da shekara ta zagayo matar ta bugo waya tana tambayar yaushe ne wasa. Na ce ta jira goronta, na ba direba ya kai mata har Kano. Yanzu ita ma baƙuwar gidan nan ce. Take ne dai ba ta samu ba tukuna, mai gangar tsamiya ya ce ba a yi wa mutum take sai an ga kamun ludayinsa.

Mutumin kamfanin ya so ya sa tsamiyar a fostarsu, dattawa suka ce a'a, har yanzu ana ja. Yarjejeniyar ma ta kusa ƙarewa. Wasu suna cewa a karɓe wasa a mayar masa da sunansa, wasu suna cewa ranar da aka cire sunan Turancin nan motoci za su ɗauke ƙafa, samarin da suka dawo gida saboda cinikin su sake komawa birni. Kowa yana da gaskiyarsa, ni ba a kirana taro, kuma ko an kira ni ba za ni ba. Abin da na sani, ɗakin baƙina ba ya kwana ba kowa da kaka, har sai na ari tabarma.

Aminiyata kuwa har yau ba ta taka filin nan ba. Ta ce ita ba za ta yanki tikiti ta ji taken kakan mijinta ba. Mutumin kamfanin ya zo har zaure ya ce ta shiga kyauta, ita da duk ayarinta, a kujerar gaba. Ta ce za ta yi shawara. Kakar da ta wuce da za su tafi, ina ɗaure mata daddawa na ce, "Kin gama shawarar?" Ta ce, "Kaɗo, in na shiga fili wa zai tsaya ya ga kina ƙona miya? Ke dai baɗi goron ya zo da wuri, kuma kada a ba wannan mai ciwon bayan, ya shanye mana fura."

'Yan acaɓan Ƙafin Maiyaki ma sun gane kan abin. In kaka ta yi suka ga baƙo da jaka ya ambaci garinmu, ba sa tsayawa jin wane suna zai kira wasan da shi. Tambaya ɗaya suke yi kafin su tada babur: fili ko gida? To kai, in Allah ya kawo ka da kaka, me za ka ce musu?